Shukar Binne: Yadda Bishara Ta Shigo Ƙasarmu

Ista a wurinmu kullum cikin bazara take faɗowa. Ranarta tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta ja baya, manoma daga Bichi har Dambatta suna kai taki gona suna duban gabas. Idan ruwa ya yi jinkiri, wasu ba sa jira. Sukan ɗebi irin gero da suka hana 'ya'yansu ci tun kaka, su zuba shi cikin busasshiyar ƙasa su rufe. Sunan wannan aiki binne, kalmar da muke faɗa idan mun kai gawa kabari. Wanda ya taɓa yin binne ba ya bukatar dogon bayani a kan Yohanna 12:24, inda Ubangijinmu ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar hatsi wadda ba ta 'ya'ya sai ta shiga ƙasa. Tarihin ikkilisiya a ƙasar Kano ma da wannan idon ya kamata a karanta shi.

Kakannin yawancinmu Maguzawa ne, kuma sun san hadaya tun kafin su ji sunan Yesu. Maigida yakan yanka baƙin akuya ko jan zakara ga iskokin gida kafin shuka, ko idan yaro ya kwanta ciwo, ko mace ta daɗe ba haihuwa. Kada mu yi musu dariya. Mutane ne da suka gane cewa rai ba a hannunsu yake ba, suka nemi taimako ta hanyar da suka gada. Sai dai yankan nan ciniki ne: na ba ka jini, ka ba ni damina. Ba ya kuma ƙarewa, domin bana ka yanka, baɗi ma sai ka yanka, idan yaron ya mutu a ce ba ka yanka daidai ba. Shi ya sa Ibraniyawa sura 10 ta shiga zuciyar masu bi na farko. Labarin cewa an miƙa hadaya guda ɗaya wadda ta isa har abada, kuma Allah ne da kansa ya ba da ita, ya sauke musu nauyin da suka daɗe suna ɗauke da shi.

Amma kafin labarin ya iso ƙauyukanmu an binne mutane da yawa.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wajen shekarun 1860, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Aka nemi ya janye koyarwarsa, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu ƙasar Zazzau. Gaskiya ita ce Isawa ba Kirista ba ne yadda muka san kalmar a yau: ba su da Littafi Mai Tsarki, ba baftisma, ba ikkilisiya. Abin da suke da shi ƙishirwa ce, suka bar wa 'ya'yansu gadonta.

A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya mutu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki, ba tare da ko mutum ɗaya ya ba da gaskiya ta wurinsu ba. Daga wannan ne mishan ɗin SIM ya fito, kuma sai a 1902 ya sami wurin zama a Patigi. A 1900 Bishop Tugwell na CMS ya iso Kano da ƙaramar ƙungiya, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarki Alu ya umarce su su fita. Suka koma Girku, can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Girku ta karɓi gawa biyu ke nan cikin shekara shida.

Turawa sun ci Kano a 1903, amma hakan bai buɗe wa 'yan mishan ƙofa ba, domin gwamnatin mulkin mallaka ta hana su wa'azi a ƙasashen sarakuna. Miller ya zauna birnin Zariya daga 1905. A 1913 jikokin Isawa suka neme shi, daga baya aka kafa musu ƙauyen masu bi a Gimi. A nan ne mutum zai ce binne ya tsira. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa garin, ya cinye mutane cikin 'yan shekaru har Gimi ta watse. Yaran da suka tsira aka kai su makaranta a Zariya, sannan Wusasa bayan mishan ya koma can a 1929. Daga zuriyar nan ta Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shekara 32 bayan an kori Miller daga Kano.

Ƙofar da aka shigo ta cikinta zuwa karkararmu ba wadda kowa zai zaɓa ba ce. SIM ta sami izinin zama a Kano a 1933, amma a Sabon Gari, cikin baƙi. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa wa mishan ɗin kula da masu kuturta a larduna uku: Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a nan Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yanzu. Mai jin Hausa ya ji sunan Yadakunya ya riga ya ji rabin wa'azi. Kuturu a wancan zamani yana raye ne amma an gama da shi. Ba a cin tuwo tare da shi, aure yakan mutu saboda ciwon, sana'ar da ta rage masa bara ce a bakin kasuwa. Maganin da ake da shi allurar man wani itace ne daga Indiya, mai zafi, ana yinta wata da watanni, warkarwa kuma ba tabbas. Sai wajen 1950 ƙwayar magani mai aiki sosai ta samu.

A irin wannan wuri ne mutanen ƙasarmu da yawa suka fara jin cewa Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, kamar yadda Markus ya ba da labari a ƙarshen sura ta 1. Suka koyi karatun boko domin su karanta da kansu. Ku tsaya ku yi tunanin yadda 1 Korintiyawa 15 take a kunnen mutumin da yatsunsa suka gutsure. Manzo Bulus ya ɗauki misalin manomi, ya ce jikin da muke binnewa kamar iri yake, abin da zai tashi jiki ne na gaske wanda ruɓa ba ta da iko a kansa. Gare mu wannan darasin makarantar Lahadi ne. Ga wanda ya ga jikinsa yana lalacewa tun yana numfashi, alkawari ne a kan hannuwansa da ƙafafunsa. Sun kuma lura da abin da mu mukan wuce da sauri: Almasihu da ya tashi bai ɓoye tabon ƙusoshi ba, har ya nuna wa Toma. Mai tabo ba abin kunya ba ne a gidan Allah.

Ba za mu shafa wa tarihin nan mai ba. 'Yan mishan sun zo a inuwar mulkin Turawa, wasunsu sun raina baƙar fata, kuma sarakuna sun yi ƙorafi cewa ana haɗa magani da wa'azi ga mutanen da ba su da wani wurin zuwa. Ƙorafin yana da tushe. Duk da haka akwai abin da ba a musu: wasu da aka sallama daga waɗannan asibitoci, da yaran da suka yi makarantar mishan a Roni, wadda take cikin Jigawa tun 1991, da waɗanda suka yi karatun Littafi a Tofa, su ne suka shiga ƙauyukan Maguzawa a ƙafa da keke. Baturen mishan ba ya kwana a bukka ya yi noma tare da mutane. Mai bishara Bahaushe shi ya yi haka. Yakan roƙi gona, ya yi huɗa da safe, da dare ya koya wa yara a, ba, ca a hasken aci-balbal. A 1948 masu bi na ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara tasu, wadda muka sani yau da EMS, a 1954 kuma aka kafa ECWA. Da dammunan dawa da kwabban Zumuntar Mata aka riƙe waɗannan ma'aikata.

Waɗanda suka karɓi saƙon su ma sun biya. Saurayin da ya ƙi cin naman yanka yakan rasa rabonsa a gandu. Akwai waɗanda aka hana su mata, akwai waɗanda danginsu suka ƙi zuwa jana'izarsu. Kusan kowace majami'a a yankin nan tana da dattijo ko tsohuwa da za su iya faɗa muku sunan wanda ya fara, da abin da ya rasa. Har yau samun filin majami'a ko na maƙabarta ba abu ne mai sauƙi ba a wurare da dama, ko da yake mun san maƙwabta Musulmi da suka tsaya mana, waɗanda suke aiko mana da naman layya mu kuma mu aika musu da abincin Kirsimeti.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne wata koyarwa da take shigo mana ta wayoyin hannu. Mai wa'azi zai ce ka "shuka iri" na naira dubu kaza domin Allah ya buɗe maka hanya kafin wata ya ƙare. Kalmar tamu ce ta manoma, amma abin da ke cikinta tsohon yankan nan ne da aka sake wa riga: na ba ka, ka ba ni, idan bai yi ba a ce bangaskiyarka ce ta gaza. Kakanninmu sun bar wannan ciniki da hawaye, ba daidai ba ne jikokinsu su koma gare shi ta lambar asusun banki. Ku auna koyarwar da tarihin da muka bi. Gowans bai ga ECWA ba. Iyayen da aka binne a Gimi ba su ga Wusasa ba. Mai bisharar da ya mutu da riga biyu bai ga jikarsa ta zama malamar asibiti ba. Da ciniki suke yi, da an cuce su duka. Sun ba da kansu ne domin an riga an biya dominsu a kan gicciye, abin da Romawa 12 take nufi ke nan da miƙa jiki hadaya tun mutum yana da rai, sakamakonsu kuma suka bar shi ga ranar tashin matattu.

A cikinmu yau hadayar ba ta da suna mai girma. Ita ce ta budurwar da ta gama kwaleji ta dawo tana koyar da yaran ƙauye, da samarin da suka yi gayya suka nome gonar gwauruwa, da wanda ya ƙi rama zagi a kasuwa ranar da zuciyarsa take tafasa. Gwamnati ta karɓi asibitocin mishan a shekarun 1970, asibitin Yadakunya kuma yana nan yana aiki, amma tsofaffin da suka san farkon labarin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yawancin abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Muna roƙon kowane reshe na Zumuntar Matasa ya zaɓi mutum biyu a makon Ista, su je wurin dattawan majami'arsu da littafi da biro, su tambayi wanda ya fara kawo bishara garin, daga ina ya zo, a gonar wa ya sauka, kuma a ina aka binne shi.