Labarin Kan Sarki Mai Bugu Biyu

Kowane tsohon ma'aikacin En'e ya san kan sarki tun ran da ya fara zama a kan kujerar ofis. Da shi a ke aika wasiƙa, kuma shi a ke liƙawa a jikin rasiɗi a sa hannu a kansa. Sunan nan kuwa ya samo asali ne daga hoton da ke jikinsa, gama tun da aka fara yin sa a Ingila cikin 1840, kan Sarauniya Biktoriya aka sa, bayanta kuma aka bi da kawunan sarakunan da suka gaje ta. Amma akwai wani iri wanda ba kowa ya lura da shi ba, watau wanda aka gama buga shi sarai, sa'an nan daga baya aka sake aza masa waɗansu kalmomi ko wani lissafin kuɗi a bisa fuskarsa. Shi mu ke kira mai bugu biyu. Masu tara kan sarki a ƙasashen duniya suna nemansa ruwa a jallo. Mu kuwa da muka yi aikin hukuma a Bunkure da Kura da Rano ya kamata mu fi su gane shi, domin mun san abin da kan faru a ofis idan mulki ya sāke da safe, takardun da ke cikin kabad kuwa na jiya ne.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A dā kan sarkin ƙasashenmu a London a ke buga shi, galibi a wurin kamfanin De La Rue. Kafin a zana, a sassaƙa ƙarfen bugu, a buga, a ɗoro wa jirgin ruwa, sai a share watanni. Wasiƙa kuwa ba ta jira. Saboda haka idan ƙasa ta koma hannun wani, ko sunanta ya sāke, ko wani ƙaramin kan sarki ya ƙare a gidan waya, sai a ɗauko wanda ke hannu a buga masa abin da a ke bukata.

A ƙasar da ta zama Nijeriya, can bakin teku aka fara. Cikin 1892 aka kawo kan sarkin Ingila iri shida, daga na ɗari har na sule, an buga musu BRITISH PROTECTORATE OIL RIVERS, watau ƙasar kogunan manja da ke ƙarƙashin tsaron Ingila, wadda Sir Claude MacDonald ke riƙe da ita daga Kalaba. Shekara ba ta cika ba sai aka sāke wa ƙasar suna, ta zama Niger Coast, cikin watan Mayu 1893. A wannan shekara ce na ɗari ya yi ƙaranci a Kalaba. Ma'aikata suka yi dabara, suka raba na kwabo gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane ɓari aka buga masa ɗari. Wajen ƙarshen shekara kuma aka yi ta buga sabon kuɗi a kan tsofaffi da hannu, da tawada iri iri, ja da shuɗi da kore, wani a miƙe wani a karkace, har aka mai da na sule ya zama na sule 20. Irin na sule 20 ɗin nan 'yan kaɗan ne ƙwarai suka rage a duniya, guda ɗaya ya fi albashin malamin haraji na shekaru masu yawa. A ganina dai, yawan launin nan ya wuce abin da aikin wasiƙa ya ke bukata, kuma tun a zamanin akwai masu zargin cewa an yi shi ne da masu tarawa a zuci. Ikko ma cikin 1893 ta buga HALF PENNY a kan na kwabo huɗu, amma ita nata bai yi wannan rassa ba.

Abin mamaki, Arewa ba ta taɓa sayar da kan sarki mai bugu biyu da sunanta ba. Zamanin Kamfanin Neja, kan sarkin Ingila a ke liƙawa yadda ya ke, a kashe shi da hatimin kamfani a Akasa ko Burutu ko Lakwaja. Da Lugga ya karɓi mulki a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, cikin shekarar nan aka kawo kan sarki mai sunan NORTHERN NIGERIA cikakke daga London. Ku dubi wannan da kyau. Sunan ya riga mulkin isowa, gama a lokacin Kano da Sakkwato suna hannun sarakunansu, sai cikin 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji da ke nan kusa da mu, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu. Bugu na biyu ɗaya kaɗai a kan gani a jikin na Arewa, shi ne kalmar SPECIMEN, watau samfur, wadda a ke bugawa a kan waɗanda a ke aika wa ofishin haɗin gwiwar gidajen waya na duniya a birnin Bern, don sauran ƙasashe su san kamanninsa. Ba a aika wasiƙa da su. Da aka gama Kudu da Arewa cikin 1914 sai aka fito da mai sunan NIGERIA kurum.

A wannan shekara yaƙin Jamus ya tashi, nan ne kuwa bugu na biyu ya yi kasuwa. Togo ta sallama cikin Agusta 1914, aka tarar da kan sarkin Jamus mai hoton jirgin ruwan sarkinsu, aka buga masa cewa Ingila da Faransa sun mamaye ƙasar. Da ya ƙare sai aka koma buga wannan magana a kan na Gwalkwas. Kamaru ta fi wuya. Duwala ta faɗi cikin Satumba 1914, Garwa sai Yuni 1915, dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai Fabrairu 1916, kuma da yawa cikin sojan da suka yi wannan yaƙi 'yan Arewa ne. An kama wani jirgin Jamus mai suna Professor Woermann aka kai shi Firitawun ta Saliyo, aka sami kan sarkin Kamaru tuli a cikinsa. Cikin Yuli 1915 aka fito da su an buga musu haruffa uku, C.E.F., sunan rundunar da ta ci ƙasar, aka kuma aza kwabo da sule a kan kuɗin Jamus. Jirgin sarkin Jamus yana nan a hoton, ba a goge shi ba, amma kuɗin da aka biya baitulmalin wani ya shiga. Wanda ya taɓa karɓar haraji ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi su ma sun ga nasu. Faransa ta daɗe tana haɗa su da ƙasar da ta kira Haut-Sénégal-Niger, kan sarkinta kuwa hoton Buzu ne a kan raƙumi. Da aka rarraba wannan ƙasa, ba a tsaya yin sabon zane ba. Raƙumin nan guda aka buga wa suna uku, wani HAUTE-VOLTA, wani SOUDAN FRANÇAIS, na maƙwabtanmu kuma TERRITOIRE DU NIGER cikin 1921. A lokacin Damagaram ce hedikwata. Sai 1926, shekarar da aka mai da hedikwata Yamai, Nijar ta sami kan sarki mai zanenta na kanta. Fataken da ke da dangi a ƙetaren iyaka, in an bincika tsofaffin adakokinsu, ba mamaki a ci karo da raƙumin.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 1960, kuma zan ɗan daɗe a kansa. Cikin 1953 aka fito da jerin kan sarkin Nijeriya iri 12 masu hotunan arzikin ƙasa: na kwabo mahayan Barno, na ahu gyaɗa da birnin Kano, na kwabo biyu haƙar kuza, na taro gadar Jaba, har zuwa na fam guda mai hoton Ikko. Na kwabo biyun ne aka buga wa ROYAL VISIT 1956 sa'ad da Sarauniya Elizabet ta zo, ta ga hawan daba a Kaduna, ta iso Kano. Wannan bugun murna ne, ba wanda ya matsa a yi shi. Na 1960 kuwa tilas ce ta kawo shi. Yankin Kamaru da Ingila ta riƙe tun bayan yaƙin Jamus, tare da Nijeriya a ke mulkinsa, amma amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba mallakar Ingila ba. Ran 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta sami mulkin kai, shi kuwa ba a yanke inda zai nufa ba. Ba shi yiwuwa ya ci gaba da liƙa kan sarkin ƙasar da ba ya cikinta, kuma ba shi yiwuwa a yi masa sabo alhali ba a san ko zai shekara ba. Sai aka ɗauki jerin nan 12 aka buga musu CAMEROONS U.K.T.T., ma'ana ƙasar amana a hannun Ingila. Ashe gyaɗar da manoman Kano suka noma, har da ta ƙasar Rano da Kura, hotonta ya yi yawo a Buya da Bamenda da sunan wata ƙasa a bisansa. Cikin Fabrairu 1961 aka jefa ƙuri'a. Arewacin yankin, su Mubi da Ganye da Gwoza, ya zaɓi Nijeriya, ya shigo ran 1 ga Yuni 1961 ya zama Lardin Sardauna. Kudanci ya bi Jamhuriyar Kamaru ran 1 ga Oktoba 1961. Duk ran wannan kan sarki shekara guda ne cif.

Sauran biyu na baƙin ciki ne, ba zan tsawaita ba. An buga wa wani kan sarki tunawa da taron firayim ministocin ƙasashen renon Ingila da aka buɗe a Ikko ran 11 ga Janairu 1966. Kwana huɗu bayan ranar da ke jikinsa aka yi juyin mulki, mai masaukin baƙin, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rasa ransa. Cikin 1968 kuma, yaƙin basasa na ci, 'yan tawayen Gabas suka ɗebi kan sarkin Nijeriya masu hotunan namun daji da tsuntsaye, suka toshe sunan ƙasa da baƙi, suka buga SOVEREIGN BIAFRA. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa yarda da shi ba, da yaƙi ya ƙare cikin Janairu 1970 ya zama abin ajiya kawai.

Mu ma mun yi irin wannan a ofisoshinmu, ko da ya ke ba a kan kan sarki ba. Da aka sāke tsarin En'e, har aka kai ga ƙananan hukumomi na 1976, ba a zubar da littattafan rasiɗi da takardun ofis rana ɗaya ba. Akawu kan ja layi a kan tsohon suna, ya danna sabon hatimi, aiki ya ci gaba. Shekarun nan ne kuma aka gama dam ɗin Tiga, cikin 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, baƙin ma'aikata daga ko'ina suka sauka, wasiƙu suka yawaita a ƙasar da dā sai masinjan hakimi. Yawancin waɗannan takardu gara ta cinye, waɗansu an ƙone su don a sami wuri a sito, waɗansu sun zama ƙunshin tsire.

Wanda ya ci karo da tsohon ambulan, roƙona kada ya ɓamɓare kan sarkin. Hatimin gidan waya da ke kansa, mai sunan gari da kwanan wata, shi ne shaidar an yi aiki da shi a wurin da aka yi shi dominsa, kuma masana sun fi daraja shi a jikin ambulansa nesa ba kusa ba. A sa shi tsakanin takardu busassu, nesa da laima da rana, ban da gam, ban da ƙusar ofis. Sa'an nan a yi hattara da jabu, gama ba abin da ya fi bugu na biyu sauƙin kwaikwayo: mai araha a kan samu, a aza masa haruffa, a kira shi mai tsada. Masana kan auna tsawon kalmomin da tazarar da ke tsakanin layi da layi, su dubi launin tawada, su kuma duba da madubin ƙara girma ko bugun yana ƙarƙashin hatimin gidan waya ko yana bisansa. In yana bisa, bayan wasiƙar ta isa aka buga shi.