Cibiyar CRL: rumbun littattafai na tarayyar jami'o'i

CRL cibiya ce a birnin Shikago na ƙasar Amurka wadda ɗakunan karatu na jami'o'i suka mallaka tare, suna tara kayan bincike a cikinta domin amfanin kowannensu. Jami'o'i goma na yankin tsakiyar ƙasar ne suka kafa ta a 1949, daga cikinsu akwai Jami'ar Shikago da ta Minnesota da ta Purdue. A 1965 ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu, yayin da ta buɗe ƙofa ga jami'o'in da ke wajen yankin. Mambobinta a yau sun haura 200.

Ƙarancin wuri ne ya haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kantocin ɗakunan karatu sun cika maƙil da tsofaffin jaridu da rahotannin gwamnati da kundayen digiri, irin takardun da akan shekara ba wanda ya nema, amma ranar da mai bincike ya buƙace su babu abin da zai maye gurbinsu. Zubar da su asara ce, ajiye kwafi goma a wuri goma kuma ɓarnar kuɗi. Sai jami'o'in suka amince da rumbu ɗaya.

Tsarin ya yi kama da adashi, sai dai a nan ba a jiran ranar kwasa. Kowace jami'a tana zuba kuɗin shekara, mambobi su kawo shawarar abin da za a saya, a jefa ƙuri'a, cibiyar ta saya ta adana. Malami ko ɗalibin da ke buƙatar wani abu yakan nema ta hannun ɗakin karatun jami'arsa, a aiko masa aro ko a ɗauki hoton shafukan a turo ta intanet.

Sashen da ya shafi Afirka shi ne shirin CAMP, wanda aka fara a 1963. Aikinsa neman jaridu da ƙasidun siyasa da takardun tarihi na ƙasashen nahiyar, a ɗauki hotonsu a siririn fim kafin gara da zafi su cinye su. Takardar jarida ba ta da ƙarko, shi ya sa wasu fitowar da suka lalace a garuruwan da aka buga su suka tsira a wannan fim.

Sai dai moriyar ta fi karkata ga masu zubi. Ɗalibin da jami'arsa ba mamba ba ce, ko da jaridar garinsu yake nema, ba shi da haƙƙin aron da takwaransa na jami'a mamba ke da shi. Abin da ya ɗan rage tazarar shi ne wani kaso na takardun da aka sanya a intanet kyauta.