BABI NA BIYU: SAMUWAR DARASIN TARIHIN FASAHA A JAMI'O'IN NIJERIYA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa, za a waiwayi yadda darasin tarihin fasaha ya samu, da hanyar da ya bi har ya zama fannin da ɗalibin digiri na farko ke iya ƙwarewa a kansa a Nijeriya. Abin da ake nufi da fasaha a nan shi ne ayyukan hannu da ake yi domin ƙawa ko ibada ko nuna mulki, kamar zane da sassaƙa da ƙira da gini da ɗinki. Ra'ayin da babin zai kare shi ne, darasin ya zo mana ne da ma'aunin Turawa, kuma wannan ma'auni ne ya jinkirta shigar fasahar Hausawa cikin manhaja.

2.1 Asalin Darasin a Turai

Masana sukan danganta mafarin wannan fanni da Giorgio Vasari, mutumin Italiya, wanda a 1550 ya wallafa tarihin rayuwar fitattun masu zane da sassaƙa na ƙasarsa. A 1764 wani Bajamushe, Johann Winckelmann, ya rubuta tarihin fasahar Girkawa da Rumawa, inda ya kasa ta zamani-zamani bisa salon aiki. A ƙarni na 19 ne jami'o'in Jamus suka mai da nazarin ya zama darasi mai cin gashin kansa. Daga wannan tushe fannin ya gaji abubuwa biyu: fifita hoton mutum da mutum-mutumi a kan sauran ayyukan hannu, da kuma ɗora tarihi a kan sunan gwani guda da aka san shekarunsa.

2.2 Shigowarsa Nijeriya

Koyar da zane irin na boko ya faro ne daga Ikko, inda Aina Onabolu ya riƙa koyarwa a makarantun sakandare bayan dawowarsa daga karatu a Landan da Faris a 1922. A 1927 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo Kenneth Murray domin wannan aiki, kuma Ben Enwonwu yana cikin ɗalibansa. Sai dai duk wannan koyon aikin hannu ne, tarihi bai shigo ciki sosai ba.

Mataki na gaba ya zo ne a 1955, lokacin da aka dawo da sashen koyar da zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya daga Badun zuwa Zariya. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma ta bi tsarin makarantun zane na Landan. Wannan ya sa a 1958 wasu ɗalibai, waɗanda suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Buƙatarsu ita ce mai zane ya haɗa dabarar da ya koya a aji da gadon garinsu. Tunda ba a koyar da wannan gado, sai suka riƙa amfani da hutunsu suna tattara tatsuniyoyi da zane-zanen gargajiya na yankunansu. Ke nan, ɗalibai ne suka fara neman tarihin fasahar gida kafin hukuma ta tanadar musu da shi. A 1962 sashen ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

2.3 Gudummawar Masu Tonon Kayan Tarihi

Ba a koyar da tarihi sai da hujja a hannu, hujjar kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ta fito. A 1910 Leo Frobenius ya ga wani kan tagulla da kawunan yumɓu a Ife, ya yi da'awar cewa wasu baƙi ne daga wajen Afirka suka kawo wannan fasaha. Kawunan da aka ƙara tonowa a Ife a 1938, da binciken da ya biyo baya, sun rushe wannan da'awa. Daga 1943 Bernard Fagg ya fara tattara mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2000, aka kuma buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Haka nan, Thurstan Shaw ya yi tono a Igbo-Ukwu a 1959 da 1960. Waɗannan wurare uku, tare da Binin wadda sojojin Ingila suka kwashe kayan fadarta a 1897, su ne suka zama ginshiƙin abin da ake koya wa ɗalibi a matsayin tarihin fasahar Nijeriya.

2.4 Matsayin Fasahar Hausawa

Idan aka lura, duk misalan da aka kawo a sama siffar mutum ce ko ta dabba ko kayan fada, wato abin da ya dace da ma'aunin da aka ambata a 2.1. Bahaushe kuwa, saboda tasirin Musulunci, ya zuba basirarsa ne a adon bango da bakan gizo na soro, da aikin babbar riga irin su aska takwas, da dukanci da rini da zayyanar allo. Waɗannan sai aka daɗe ana kallonsu a matsayin sana'a kawai, wadda ba ta da tarihin da za a karanta a jami'a. Ƙari a kan haka, maɗinki ko baduku ba ya sa sunansa a jikin aikinsa, don haka 'yan kaɗan ne aka riƙe sunayensu, kamar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim.

An fara cike wannan giɓi da aikin David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma yi nazarin ɗinkin rigunan Hausawa. A 1976 ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan. Aikinsa ya tabbatar da cewa ana iya bin diddigin salon ɗinki ta hanyar hira da masu sana'ar da kwatanta tsofaffin riguna da sababbi.

2.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa darasin ya taso daga Turai, ya samu gindin zama a Zariya, sannan ya ginu a kan kayan da aka tono. Amfaninsa kuma a fili yake. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Binin fiye da 1,000, kuma irin waɗannan kaya suna buƙatar wanda zai tantance su, ya adana su. Amma kayan tagulla suna iya jira, ginin ƙasa da tsohon magini ba sa jira: damina tana cin katanga, siminti yana maye gurbinta, masu ilmin kuma suna ƙarewa. Ɗalibin da ke jin Hausa shi ya fi dacewa da ɗaukar bayanai daga bakinsu. Babi na uku zai duba adon bango a tsohon birnin Zariya bisa wannan hanya.