Daga juji zuwa gidan tarihi: yadda tsohuwar motar kaya ta zama abin gado a Amurka

A cikin watan Afrilu na shekara ta 2017, an girka wani ɗakin gilashi a babban dandalin birnin Washinton, aka saka wata ƙaramar jar mota a ciki domin jama'a su kalla. Ford ce ta shekara ta 1932, amma ba kamar yadda ta fito daga masana'anta ba. Wani tsohon soja mai suna Bob McGee ne ya sake ƙera ta da hannunsa bayan yaƙin duniya na biyu, har hotonta ya fito a bangon mujalla a 1948. An shigar da ita cikin kundin motocin tarihi na ƙasar, aka ajiye takardunta a ɗakin karatu na majalisar dokoki. Shekara saba'in kafin wannan rana, irin wannan mota ƴan sanda ke kora, jaridu kuma suna kiran masu ita ƴan iska.

Sunan da Amurkawa suka ba ta shi ne «hot rod», watau tsohuwar mota da aka rage wa nauyi, aka ƙara wa injinta ƙarfi, aka sake mata kamanni. Galibi in ana ba da labarinta, ƙananan motoci marasa rufi ake tunawa. To amma akwai wani reshe na wannan tarihi da ba a cika waiwaya ba, shi ne na motar aiki: akori-kura mai rufaffen jiki, wadda mai gidan burodi da mai gyaran famfo suke mora har ta gaji su yar. Labarinta ya fi nuna yadda abin da aka raina yake zama abin gado. Yana kuma tayar da tambayar da ta shafi duk mai aikin adana al'adu: mene ne ake gada, ƙarfen ko hannun da ya san sarrafa shi?

Asali a busassun tafkuna

Tushen al'amarin yawa ne da araha. Daga 1908 zuwa 1927 kamfanin Ford ya ƙera motar Model T fiye da miliyan 15. Da matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929 ya auka wa ƙasar, tsofaffin motocin nan sun cika wuraren zubar da ƙarfe, saurayi marar gata yana iya sayen ɗaya da daloli kaɗan. Ba shi da halin sayen mota mai gudu, sai ya ƙera ta da kansa. Ya kwance murfin tayoyi da gilashin gaba da duk abin da ke ƙara nauyi, ya goge kan inji don matsi ya ƙaru, ya ɗaura kafireto biyu a maimakon ɗaya. A 1932 Ford ya fito da inji mai silinda takwas, jeri biyu a siffar harafin V, mai ƙarfin doki 65, cikin motar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Wannan inji shi ne gishirin sana'ar har tsawon shekara ashirin.

Arewa da birnin Los Anjalas, cikin hamadar Mojave, akwai busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, faƙo ne shimfiɗaɗɗe iyakar ganin ido. Can samari ke haɗuwa su gwada gudu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya mai suna SCTA domin auna gudu da agogo da kuma rage haɗari. Yaƙin duniya ya tsai da wasan, amma ya koya wa dubban matasa walda da gyaran injin jirgin sama. Da suka komo gida, abu ya haɓaka. Robert Petersen ya fito da mujallar Hot Rod a watan Janairu na 1948. A 1949 aka soma gasar shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville, cikin jihar Yuta. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda ta janye tsere daga titunan gari ta mai da shi kan fili miƙaƙƙe mai tsawon mita 402.

Motar aiki ta shiga fage

Tun shekarun 1930 masana'antu suke ɗora jikin motar kaya kan shasin motar fasinja. Gaba ɗaya ne, inji ɗaya ne. Bambancin kawai, bayanta a rufe yake da ƙarfe, ba taga ba kujera. Saboda haka duk kayan da aka ƙera don ƙara wa motar fasinja ƙarfi suna shiga cikinta ba tare da wahala ba, ga shi kuma ta fi araha, tun da ba mai sha'awar motar da ta sha lodi. Da fari ƴan tsere sun ɗauke ta baiwa: ita ke jan motar gasa, ita ke ɗaukar tayoyi da sifanu. Sannu a hankali aka lura cewa faffaɗan gefenta allo ne ga mai fenti, cikinta kuma ɗakin kwana ne ga matafiyi. A shekarun 1960 har ƙananan motocin kaya na Ford Thames, waɗanda aka shigo da su daga Ingila, an cusa masu manyan injuna masu silinda takwas an kai su filin tsere, sabili da rashin nauyinsu.

Babban sauyi ya zo a 1961, lokacin da Ford ya fito da Econoline domin ya yi gogayya da motar Volkswagen ta Jamus. Akwati ce mai tayoyi huɗu: direba yana zaune bisa tayoyin gaba, inji kuwa yana cikin wani murfi tsakanin kujeru biyu. A 1964 Dodge ya biyo baya da A100, Chevrolet ma ya fito da tasa. Kamfanonin tarho da ƴan kwangila suka saye su da yawa, bayan ƴan shekaru suka sayar da su gwanjo. A 1965 wata A100 mai buɗaɗɗen baya, wadda aka sa wa suna Little Red Wagon, ta nuna abin da akwatin nan ke iya yi. An ɗora mata injin Hemi mai lita 7 a bayan direba, in Bill Golden ya taka mai sai ta ɗaga ƙafafun gaba sama ta ratsa fili a haka.

Shekarun 1970: kiɗa ya sauya

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A ƙarshen shekarun 1960 masana'antu da kansu suna sayar da motoci masu manyan injuna, saurayi ba ya bukatar ƙera tasa. Sai abubuwa uku suka taru suka karya wannan kasuwa. Kamfanonin inshora sun tsauwala kuɗi ga matashi mai mota mai ƙarfi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, abin da ya rage wa injuna ƙarfi. Dokar kuwa tana da dalili, domin hazon hayaƙin Los Anjalas ya daɗe yana cutar da huhun yara da tsofaffi. Na uku, takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka saka a watan Oktoba na 1973, wanda ya sa a farkon 1974 aka ƙayyade gudu a manyan hanyoyi kan kimanin kilomita 89 a awa.

Da gudu ya zama abin tsada, sai matasa suka koma ga motar da doka ke lissafawa cikin motocin aiki, wadda inshorarta ta fi sauƙi, ƙa'idar hayaƙinta ma ta fi sassauci. Dabarun hot rod aka kwaso aka zuba mata: a sauke gaba a ɗaga baya, a sa faffaɗan tayoyi, a fito da salansa ta gefe, a huda ƙaramar taga mai siffar ɗigon ruwa ko zuciya. A waje mai fenti ya fesa hoton hamada ko teku ko dodanni. A ciki a shimfiɗa darduma mai gashi har rufi, a sa gado da firji da rediyon magana tsakanin direbobi. Gasa ta tashi daga wa ya fi gudu ta koma wa ya fi fasaha. A 1973 aka yi babban taron farko na masu irin waɗannan motoci a Tiger Run, cikin duwatsun jihar Kolorado, tare da goyon bayan mujallar Hot Rod. Abin bai tsaya a Amurka ba: a Ingila an yi haka da Ford Transit da Bedford CF, a Ostareliya kuma kamfanin Holden ya fito da Sandman a 1974.

Masana'antu ba su yi barci ba. A 1976 Dodge ya soma sayar da Street Van, mota sabuwa da ke zuwa tare da takardun awo na yanka katako da darduma, Ford ma ya fito da Cruising Van da fentinta da tagarta tun daga masana'anta. Abin da ya faro daga hannun marar kuɗi ya zama hajar kanti. Sai tsadar mai ta biyu ta zo a 1979, bayan juyin juya halin Iran. Samarin jiya sun zama magidanta, kuma a watan Nuwamba na 1983 Chrysler ya ba su ƙaramar motar iyali mai kujeru bakwai, marar shan mai. Dubban motocin da aka ƙawata suka koma inda aka tsinto su, tsatsa ta cinye hotunan. Taron shekara-shekara dai bai mutu ba. A 2023 ya cika shekara 50.

Maidowa ko sauyawa

Da tsohuwar zuma ake magani. Daga shekarun 2000 zuwa yau, wani sabon rukuni na matasa ya shiga neman Econoline da A100 a gonaki da bayan gidaje. Aikin ba ƙarami ba ne: a raba mota gunduwa-gunduwa, a kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, a yanke inda tsatsa ta ci a ƙasa da gindin ƙofofi, a yi waldar sabon ƙarfe, a sake wayoyi da burki. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suna ganin amana ce a maido da mota yadda ta fito, har launi da ƙusa. Wasu kuwa suna cewa motar da ba ta tafiya gawa ce, sai su saka mata sabon inji da burki mai faifai, su bar tsohon sunan gidan burodi da ya koɗe a gefenta.

Wannan gardama ta kai ga hukumomi. Ƙungiyar duniya ta tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30. A 2012 ta amince da yarjejeniyar Turin, wadda aka tsara bisa gurbin yarjejeniyar Venise ta 1964 kan adana gine-gine. Yarjejeniyar ta yarda cewa sauye-sauyen da aka yi wa mota a zamanin aikinta suna cikin tarihinta. Ke nan hoton da wani saurayi ya fesa a 1975 ya zama shaida da ta cancanci kariya, ba ɓarna ba. Amma a 2019 ƙungiyar ta bayyana cewa tsohuwar motar da aka cire wa inji aka saka mata na lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. Sauyin jiya gado ne, na yau kuwa abin tuhuma, alhali ruhi ɗaya ne ya haife su.

Hannun da ke gyara

Barazanar da ta fi girma ba daga wannan gardama take ba. A 2009 gwamnatin Amurka ta biya mutane har dala 4500 su ba da tsofaffin motocinsu su sayi sababbi. Kusan dubu 700 aka lalata wa inji da gangan. Waɗanda suka wuce shekara 25 ba su shiga shirin ba, amma waɗanda aka hallaka su ne da za su zama kayan aikin matashi na gobe. Bayan haka akwai kwamfuta. Injin Econoline na 1965, da sifana da sukuddireba ake buɗe shi, mai shi yana zaune a kujerarsa. Motar kaya ta yau kuwa, kwamfutoci ke sarrafa ta, wasu sassanta ba sa karɓar gyara sai da na'urar kamfani da izininsa. Shi ya sa masu zaɓe a jihar Masacusets suka amince da dokar haƙƙin gyara a 2012, suka faɗaɗa ta a 2020.

Wannan batu bai tsaya a bakin tekun Amurka ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari sun nufo Afirka. Motar da aka kulle wa ciki a masana'anta, wata rana za ta tsaya a garaji a Maraɗi ko Damagaram, gaban bakaniken da ya saba gane ciwon inji da kunne.

Jar motar McGee ta samu ɗakin gilashi saboda akwai zamanin da saurayi marar kuɗi ke iya tsintar ƙarfe a juji, ya buɗe shi, ya fahimce shi, ya mai da shi nasa. Gidan tarihi yana iya adana motar. Sanin da ya ƙera ta kuwa ba ya zama a gilashi: yana rayuwa ne muddin akwai tsohuwar mota mai araha, da injin da ke buɗuwa, da maigidan garaji da zai miƙa wa yaronsa sifana.