Jan Ƙarfen Takedda da Darasin da Ƙasa Ke Koyarwa

Duk wanda ya ga munduwar tagulla a hannun wata tsohuwa a Jabo, ko a kasuwannin Tambuwal da Kebbe, yana iya zaton daga ƙasar nan aka haƙo ƙarfenta. Alhali kuwa maƙeran farin wannan yanki sun daɗe suna aiki da ƙarfen da fatake suka kawo daga nesa. Dalilin haka yana cikin tarihi iri biyu, wato tarihin mutane da na duwatsu.

A shekarar 1353 shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, wadda masu binciken kufai suke ganin ita ce Azelik ta ƙasar Nijar, yamma da Agadas. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, ana narka shi a gidaje, ana yin sanduna masu tsawon kamar taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri ana ba da 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itacen wuta, da masu kaurin kuma ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi. Ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa wannan ƙarfe. Ashe ke nan jan ƙarfe kuɗi ne a hannun mutanen wancan zamani.

To amma arzikin Azelik ba mai zurfi ba ne. Ƙarfen yana nan ne ƙwaya-ƙwaya cikin wani siririn shimfiɗaɗɗen dutse, sai an farfasa an tsince. Daga baya garin ya zama kufai, cinikin yankin ya koma ga gishirin Tegidda da kasuwar Agadas.

Manyan rumbunan jan ƙarfe na duniya asalinsu dabam ne. Misali shi ne tsibirin Kubrus, wanda daga sunansa ne Rumawa suka raɗa wa ƙarfen suna. Duwatsun Troodos na tsibirin ƙasan teku ne a dā, kimanin shekara miliyan 90 da suka shige. Ruwan teku yakan kutsa cikin tsagogin dutse mai aman wuta, ya yi zafi, ya narko jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da farar wuta, sa'an nan ya tudaɗo sama. Da zarar ya gamu da ruwan sanyi sai ma'adinin ya daskare, ya taru tsibi guda. A 1979 masana suka ga wannan aiki da idonsu a ƙasan tekun Fasifik, inda baƙin ruwa mai zafin kusan digiri 350 yake fitowa kamar hayaƙi.

Ƙasar Sakkwato ma teku ta taɓa rufe wani sashenta, shaida kuwa ita ce farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, mai ɗauke da kwasfar halittun ruwa. Sai dai tekun ba mai zurfi ba ce, kuma babu aman wuta a ƙarƙashinta. Abin da ta bari shi ne laka da yashi da dutsen farar ƙasa. Saboda haka neman irin ma'adinin Kubrus a Tambuwal tamkar neman kifi ne a fako.

Abin lura ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati shi ne, kafin a zuba dukiyar jama'a a rami, wajibi ne a fara sanin yadda dutsen ya samu. Kowace ƙasa da irin rabonta, kuma sanin wannan rabo shi ne mafarin cin moriyarsa.