Jirgi Ɗaya a Zango Ɗaya: Tarihin Ƙa'idar Tafiyar Jirgin Ƙasa

Kafin zuwan dogo, hajar Kano kan isa Bahar Rum ne a bayan raƙumi, ta Agadas da Gat da garuruwan Fezzan, har Tarabulus. Ayarin fatake yana da tsarinsa: madugu ke yanke shawarar tashi da sauka, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da na baya. Idan ayari biyu suka yi kiciɓis, sai ɗaya ya ratse, a gaisa, kowa ya kama gabansa. Jirgin ƙasa kuwa ba shi da wurin ratsewa. Ƙafafunsa na ƙarfe suna kan ƙarfe, kuma mai nauyi daga cikinsa yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya bayan an kama birki. Ke nan a lokacin da direba zai hango haɗari, sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga wannan matsala aka tsiro da dukkan dokokin tafiyar jirgi.

Tazarar lokaci da illarta

A farkon al'amari, kamfanonin jiragen Ingila da agogo suke raba jirage. Idan jirgi ya tashi, sai a jira 'yan mintuna a saki na biyu. Raunin wannan dabara a fili yake: agogo yana faɗin lokacin da na farko ya tashi, amma ba ya faɗin ko ya lalace a hanya. A 1861, jirage uku suka bar garin Brighton kusan a jere, na uku ya afka wa na biyu a cikin ramin dutse na Clayton, mutum 23 suka rasu. A watan Yunin 1889 aka yi wanda ya fi shi muni a Armagh ta ƙasar Ailan. Jirgin da ya ɗauko yara 'yan yawon shaƙatawa ya kasa hawa tudu, aka raba taragunsa biyu, na baya suka gangaro suka yi karo da jirgin da aka saki bisa lissafin agogo. Mutum 80 suka mutu.

A wannan shekarar majalisar Birtaniya ta kafa doka mai wajabta abubuwa uku ga jiragen fasinja: birki mai kama dukkan taragu da kansa idan jirgi ya tsinke, kulle sigina da makarkatar dogo don kada su saɓa wa juna, da kuma raba hanya gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa muna iya kiranta zango, aron kalmar fatake. Ƙa'idar gajeriya ce: kada jirgi ya shiga zango sai an tabbatar wanda ke gabansa ya fita daga cikinsa gaba ɗaya. Da haka tazarar wuri ta maye gurbin tazarar lokaci.

Sandar izini a layin Kano

Inda hanya ɗaya ce tal, jirage na bin ta gaba da baya, haɗarin shi ne karon gaba da gaba. Haka ya faru a Thorpe kusa da Norwich a 1874, sakamakon ruɗani a saƙon wayar tangaraho, mutum 25 suka halaka. Wani injiniya, Edward Tyer, ya ƙirƙiro maganin abin a 1878: na'urori biyu, ɗaya a kowane bakin zango, haɗe da wayar lantarki. Kowace tana riƙe da 'yan faya-fayen ƙarfe, kuma idan aka zare guda ɗaya, dukkansu biyu sai su kulle har a mayar da shi. Direban da ba ya riƙe da wannan shaida ba shi da ikon motsawa. Daga baya aka yi masu siffar sanda da masu siffar mabuɗi.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara a 1907, zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da layin Ikko a ƙarƙashin hukuma guda. Reshen Zariya ya kai Ƙaura Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930, na Maiduguri aka kammala a 1964. Duk waɗannan hanya ɗaya ce, mai faɗin milimita 1,067, kuma irin wancan tsari na izinin hannu Ingilishi suka ɗora su a kai. Direban da ya taso daga Zariya ya nufi Kano yakan miƙa iznin zangon da ya gama, ya karɓi na gaba, tasha bayan tasha. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida aka kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku, cinikin da ya ƙarasa durƙusar da tsohuwar hanyar Sahara.

Amma na'ura ba ta karanta wa mutum abin da ke hannunsa. A Abermule ta yankin Wales, a 1921, ma'aikatan tasha suka mayar wa direba faifan zangon da ya riga ya wuce, shi kuma ya karɓa bai duba rubutun da ke kai ba. Mutum 17 suka rasa rayukansu. Na'urar lafiya lau take. Sabo ne ya sa kowa ya ɗauka wani ya duba.

Sigina mai sarrafa kanta

A Amurka aka bi wata hanya dabam. A 1872 William Robinson ya sami rajistar wata fasaha da ta sa jirgi da kansa ya riƙa shelar inda yake. Ana raba ƙarafan dogo na kowane zango da na maƙwabcinsa da abin da ba ya ɗaukar lantarki. A baki ɗaya a sa batir, a ɗaya bakin a sa makunni mai maganaɗisu. Muddin zangon babu kowa, wuta na bin ƙarfen dogo ta isa makunnin, sigina ta nuna hanya a buɗe. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa da gindinsu na ƙarfe sai su haɗe dogayen biyu, wutar ta yanke hanya, makunnin ya saki, sigina ta koma ja.

Hikimar tana nan: katsewar wuta ce ke haifar da ja. Ko dogo ya karye, ko waya ta tsinke, ko batir ya mutu, amsar ɗaya ce, a tsaya. Daga nan aka sami launuka uku. Ja na nufin zangon gaba a toshe yake. Rawaya na nufin a shiga amma a rage gudu, domin sigina ta gaba ja ce. Kore na nufin aƙalla zango biyu a buɗe suke. Kalmarmu ta "danja" ma ararriya ce daga kalmar Turanci mai nufin haɗari, sunan da ma'aikatan jirgi ke kiran jar sigina da shi.

Dokokin Amurka sun tanadi abin yi idan sigina ta nuna ja. A wasu wurare sai an sami iznin mai kula da zirga-zirga. A wasu kuma direba zai tsaya cak, sannan ya ci gaba da taƙaitaccen gudu, wanda zai ba shi damar tsayawa a rabin nisan da idonsa ke gani, kuma kada ya haura mil 20 a sa'a. Dalilin rabin shi ne, idan jirage biyu suka hango juna, kowane ya tsaya a rabonsa.

Kammalawa

Har yau jirgi bai taɓa shiga Sabha ba. Layukan da Italiya ta bari a Libiya an rufe na ƙarshensu a 1965, kuma aikin layin da zai taso daga gaɓar teku zuwa Sabha, wanda aka ba wani kamfanin Sin a 2008, ya tsaya da rikicin 2011. A ƙasar Hausa kuwa dogo na dawowa. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 a 2016, kuma a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Wannan layi na ƙarshe zai haɗa ƙasa mai aiki da Turanci da ƙasa mai aiki da Faransanci, alhali mutanen tashoshinsa Hausa suke yi. Karon Thorpe daga saƙo maras tabbas ya samo asali. Saboda haka akwai aiki a gaban masu nazarin harshe: a tsayar da kalma ɗaya tak ga kowane umarni, ta yadda "tsaya" da "dakata" da "sassauta" ba za su cakuɗe a bakin mai tuta ko a kunnen direba ba. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma kowace doka da aka ambata a sama an rubuta ta ne bayan an binciki wani haɗari, aka gano wurin da da an kiyaye, da mutanen sun isa gida.