Ƙwayar Carbi Ɗaya: Yadda Aka Gano Asalin Amosanin Jini

Wata Juma'a da dare ina gabatar da shirin lafiyar iyali a rediyo, sai wata dattijuwa ta bugo waya daga Maamobi. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, jikokina biyu sun rasu, ga na uku kullum ciwon ƙafa da hannu, da damina ta shigo ba ma barci. Wasu sun ce ɗan wabi ne, wasu sun ce iska ce. Asibiti kuma sun ce sikila. Wane ne mai gaskiya?" Na ce mata, "Mama, ki riƙe maganar asibiti," amma na kasa yi mata bayanin dalili. Kunyar wannan daren ce ta sa na bi sawun tarihin wannan cuta.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hausawa na ce mata amosanin jini, Asante na cewa ahotutuo, mutanen Ga kuma, masu masaukinmu a nan Ankara, suna cewa chwechweechwe, sunan da ke kwaikwayon yadda ciwon ke gurgurar ƙashi. Kakanninmu sun san tana bin dangi, sun san sanyi na tayar da ita. Abin da ya ɓuya musu shi ne inda take kwana a jiki.

Hasken farko ya fito ne a 1910 a Shikago ta Amurka. Likita James Herrick ya ba da rahoton wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa, maimakon su zama kewayayyu kamar faifai, sun lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Turanci aka samo kalmar da muke furtawa sikila. An ga siffar, amma kusan shekara arba'in ba a san abin da ke lanƙwasa ƙwayar ba.

A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kalifoniya suka leƙa cikin ƙwayar. A cikinta akwai furotin mai suna himogulobin, wanda shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta sassan jiki. Suka zuba himogulobin na mai lafiya da na mai sikila a ruwan gwaji, suka saka musu lantarki, sai suka ga gudunsu ya bambanta. Na wanda ya gaji cutar daga ɓangare ɗaya kuwa ya rabu gida biyu. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa lahani a furotin guda na iya zama tushen cuta. Har yau dabarar nan ta lantarki na cikin hanyoyin da ake gwajin jinotayif, a ce wane AA ne, wance AS ce.

Saura a san mene ne lahanin. A 1956 Vernon Ingram na Jami'ar Kambirij a Ingila ya daddatsa furotin ɗin, ya baza gutsattsarin a kan takarda, ya kwatanta na mai lafiya da na majinyaci. Duk suka yi daidai in ban da guda ɗaya. Mai karatu, ɗauki furotin kamar carbi. Ɗaya daga cikin silin himogulobin yana da ƙwaya 146, kuma ta shida ce kaɗai aka musanya da wata. Wannan ƙwaya ɗaya ke sa furotin ya manne da ɗan'uwansa idan iska ta yi ƙaranci, ya zama sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Nan ne tushen azabar ƙashi. Ƙwayar mai lafiya na yin kwana 120, ta mai sikila ba ta cika wuce kwana 20 ba, shi ya sa jini ke yawan ƙarewa.

To me ya sa ta yi mana yawa? A 1954 Anthony Allison, bayan bincikensa a gabashin Afirka, ya nuna cewa mai AS na da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi katutu, masu AS sun fi tsira, suka hayayyafa. Garkuwar iyaye ta zama nauyi a kan wasu 'ya'yansu.

Ghana ba ta zauna 'yar kallo ba. Dakta Felix Konotey-Ahulu, ɗan ƙabilar Krobo, ya jagoranci sashen masu sikila a Asibitin Korle Bu, ya kuma bi salsalar cutar a zuriyarsu har zuwa 1670, ya tabbatar da abin da tsofaffi ke faɗa cewa gado ce. A 1968 shi da Hermann Lehmann na Kambirij da abokan aikinsu suka bayyana wani sabon nau'in furotin ɗin, aka raɗa masa suna Himogulobin Korle Bu. Sannan a 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi, da ɗigon jini daga diddige. Wannan aiki ya nuna cewa kusan jarirai biyu cikin ɗari a Ghana da cutar ake haihuwarsu. Jaririn da aka gano da wuri ana ba shi maganin rigakafin ƙwayoyin cuta, a koya wa uwa alamun haɗari, kuma wannan kaɗai ya ceci rayuka da dama.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mutanen zango kai tsaye. Ban da S akwai nau'in C, shi ma canji ne a wannan ƙwaya ta shida, kuma ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso. A Nima da Maamobi, Bahaushe na auren Badagomba, Bamoshe na auren Bazabarma. Sau da yawa na ji saurayi na cewa, "Ni AC ne, ba AS ba, babu damuwa." Akwai damuwa. Idan AC ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SC, wanda shi ma sikila ne, yakan kuma taɓa ido da ƙugu.

Sanin furotin ya buɗe ƙofar magani. Maganin hydroxyurea na sa jiki ya ƙara yin irin himogulobin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya mannewa, don haka tashin ciwo ke raguwa, kuma ana samunsa a Ghana. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin halitta, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Wannan ba na talakan Nima ba ne tukuna. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini, wanda kuɗinsa bai kai na ankon biki ba.

Mako biyu bayan waccan Juma'a na koma kan batun, na yi bayanin carbi da ƙwaya ta shida. Dattijuwar ta sake bugowa. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Ashe na zalunci surukata, shekara da shekaru ina ɗora mata laifi." Na ce, "Mama, gado ne daga ɓangare biyu, babu mai laifi." Roƙona ga iyaye da limamanmu na zango shi ne, kafin a raba goro a tsayar da rana, a tambayi takardar gwaji. Neman sani ba ja da ƙaddara ba ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya.